Me Ke Sa Inji Mai Turbo Ya Ɗauki Zafi?

Turbo na aiki ne da hayaƙin da inji ke fitarwa. Hayaƙin ke juya wata 'yar farfela, wadda kan zagaya sama da sau 100,000 a minti guda, ita kuma ta juya wata farfelar da ke cusa ƙarin iska cikin inji. Ƙarfi ya ƙaru, zafi ma haka, domin hayaƙin injin fetur kan kai digiri 900.

Idan allurar zafi ta haura, a tsaya a bar inji ya huce. Kada a buɗe murfin lagireto da zafinsa, ruwan na ƙona mutum. Sannan a duba ko ruwa ya ragu, ko fanka ta daina juyawa, ko ƙura ta toshe lagireto da intakula, wato na'urar da ke sanyaya iskar turbo. Farin hayaƙi a salansa, ko baƙin mai ya koma kamar madara, alamar gaskit ya ƙone ne.

Abin da ya fi damuna shi ne al'adar cire tamostat da zuba ruwan rijiya a lagireto. Cirewar ba ta maganin cutar, ɓoye ta take yi, ruwan kuma tsatsa yake haifarwa.

Masu taɓa kwamfutar mota don ƙara ƙarfi su sani: idan iska ta ƙaru fetur bai ƙaru daidai ba, fistin na iya narkewa. A fara gyara tsarin sanyaya inji, a zuba mai mai kyau. Bayan doguwar tafiya kuma, a bar inji ya yi minti biyu a kunne kafin a kashe.