Yadda Ake Maganin Yoyon Mai a Giyabos na Injin Sassaƙar Ƙarfe

Injin sassaƙar ƙarfe shi ne wanda maƙeran zamani ke amfani da shi wajen shafe fuskar ƙarfe, ko yanka masa gurbi, ko fitar da haƙoran giya. Akan same shi a kwalejojin koyon sana'a da wuraren ƙere-ƙere irin Panteka ta Kaduna, akwai kuma ƙanana da mutum kan ajiye a shagonsa na gida. Da yawa daga cikin ƙananan nan suna da giyabos a bisa kansu, watau akwatin ƙarfe wanda giyoyi ke juyawa a cikin mai. Man nan shi ke hana haƙoran giya cin juna, shi ke kuma sanyaya boris. Idan ya tsiyaye ba a lura ba, sai boris ya ƙone, haƙora su kakkarye, gyaran da ɗan kuɗi kaɗan zai yi ya koma na sayen sabon giyabos. Ban da wannan, man da ya zuba a ƙasa yana iya kayar da mutum kusa da wuƙa mai juyawa.

Abu na farko shi ne a gano inda man ke fitowa, domin mai yakan bi jikin inji ya gangara, ya ɗiga nesa da inda ya ɓullo. Sai a kashe inji, a zare wayarsa daga wuta, a wanke jikin giyabos da kananzir, a goge shi ƙal. Sa'an nan a barbaɗa garin alli a duk mahaɗa, a tayar da inji kamar minti 15. Inda allin ya fara jiƙewa, nan ne ciwon yake.

Kafin a kwance kome, a duba abubuwa biyu masu sauƙi. Na ɗaya, yawan mai. Akwai ɗan gilashi a gefen giyabos, kuma a tsakiyarsa ya kamata mai ya tsaya. In an cika shi fiye da haka, giyoyi sukan kaɗa shi ya yi kumfa, ya nemi hanyar fita. Na biyu, kafar shan iska da ke kan murfi. Idan inji ya yi zafi iskar ciki takan kumbura, to in ƙurar hunturu ta toshe kafar, sai iskar ta turo mai waje. Sau da yawa rage mai ko buɗe kafar nan shi ke nan magani.

Idan kuwa daga bakin murfi yake yoyo, gaskit ne ya mutu. Sai a tsiyaye mai a cikin kwano mai tsabta, a cire murfi, a kankare tsohon gaskit a hankali don kada a karce ƙarfen. Ana iya yanka sabo daga takardar gaskit, a ɗora ta a kan murfin a bi gefensa ana ɗan bubbugawa da ƙaramar guduma har siffar ta fito. Wajen ɗaurewa kuma, a bi notuna a gicciye, wannan sa'an nan na daura da shi, kaɗan kaɗan, domin murfi ya zauna daidai.

Yoyon da ya fi wuyar sha'ani shi ne na wajen shaf, inda oyil sil yake. Oyil sil zobe ne na roba mai leɓe, da ɗan siririn sifirin a ciki wanda ke matse leɓen a jikin shaf. Zafi da daɗewa sukan sa robar ta bushe ta tsage. Girmansa yana rubuce a jikinsa. Misali, 35-52-7 na nufin faɗin ciki milimita 35, na waje 52, kauri kuma 7. A tafi da tsohon kasuwa don a sami irinsa. Wajen sawa, a shafa wa leɓen mai, a juya gefen da ke da sifirin ya fuskanci cikin giyabos, a ɗora guntun bututu daidai faɗinsa a buga a hankali har ya shiga sosai. In tsohon ya ci shaf ya bar zobe, kada a zaunar da sabon leɓe a kan wannan gurbi, a ɗan gusar da shi. Haka nan a girgiza shaf da hannu. In yana motsi gefe da gefe, boris ya tafi, kuma sabon sil ba zai daɗe ba sai an canza shi.

Daga ƙarshe, a zuba irin man da littafin injin ya faɗa. Kada a ɗauko man giyar mota a ɗura, domin wani irinsa yana ɗauke da sinadarin farar wuta mai cin tagulla, alhali wasu giyoyin da tagulla aka yi su.

'Yan'uwana ɗalibai masu shiga ɗakin koyon sana'a, ku riƙa duban gilashin mai da ƙarƙashin inji kowace safiya kafin ku kunna shi, kuma in kun ga ɗigo ku gaya wa malami nan da nan. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani.