Kafin Ruwa Ya Sauka: Wa Zai Gyara Makiyaya a Tasawa da Mayahi?

Daga watan Afrilu zuwa Mayu, duk wanda ya bi hanyar Tasawa zuwa Mayahi zai ga kowa ya duƙufa a gonarsa: ana sassabe, ana kai taki a amalanke, ana duba irin gero da wake. Gona tana da mai ita, don haka ba ta rasa mai gyara. Makiyaya da burtali su ne abin tausayi, domin na kowa ne, kuma kowa yana jiran ɗan'uwansa ya fara.

Illar wannan sakaci a bayyane take. Wuraren da a da kyasuwa da gamba ke kai wa mutum ƙugu, yau garmani ya mamaye su, ciyawar da dabba ba ta cika kula ta ba, ga zubar da iri kamar yashi. Wasu filayen kuma sun zama fako, ƙasa ta daskare, ruwan sama ya zuba ya wuce bai shiga ba. A yankin da damana ba ta wuce wata uku zuwa huɗu, wannan asara ce babba.

Maganin fako sananne ne: rabin wata. Ana haƙa rami mai siffar jinjirin wata, faɗinsa kamar mita 4, bakinsa na fuskantar inda ruwa ke gangarowa, a tara ƙasar da aka haƙo a bayansa ta zama shinge. Hekta guda takan ɗauki kimanin 300. Ruwa ya taru, ya nutse sannu a hankali, sai a watsa irin ciyawa, a dasa itace. Dole a gama haƙa kafin ruwan shuka, domin da zarar an yi shuka babu mai barin gonarsa ya zo gayya.

Amma a ganina haƙa ba ita ce wuyar aikin ba. Tsaro ne. Filin da aka farfaɗo yana bukatar damana biyu ko uku ba tare da dabba ta shiga ba, kuma wannan ba ya yiwuwa sai manoma da makiyaya sun zauna tare da maigari sun amince da masu gadi da tarar wanda ya karya doka. In aka yi yarjejeniya ba da Fulani da Buzaye masu ratsowa ba, an yi aikin banza.

Doka kuwa tana nan. Tun 1993 Nijar ta kafa dokar tsarin karkara, wadda ta haifar da kwamitocin kula da filaye tun daga ƙauye har zuwa jiha, sannan dokar kiwo ta 2010 ta ƙara tabbatar da haƙƙin makiyayi na zirga-zirga. Mutanen Maraɗi ba su manta da abin da ya faru a Toda a 1991 ba, inda rikicin gona da kiwo ya ci rayuka sama da 100. Shi ya sa zagaya iyakokin burtali kafin shuka, a mayar da alamar da aka tuge, ya fi komai gaggawa, musamman a kwarin Gulbin Kaba, inda gonaki ke ta cin dajin goruba da mata ke yankan kaba a cikinsa.

Manoman jihar Maraɗi ne suka nuna wa duniya sassaben zamani tun shekarun 1980, suka raya gawo a gonakinsu ba tare da dashe ba. Hannun da ya iya wannan a gona zai iya shi a makiyaya, muddin an zauna tun watan Afrilu an raba aiki.