Shin Dabarar SEO Ta Kusa Zama Tarihi?

Tun da ChatGPT ya bayyana a watan Nuwamban 2022, kuma Google ya fara ɗora amsar ƙirƙirarriyar basira a saman sakamakon bincike a Amurka a watan Mayun 2024, masu talla a intanet ke tambayar ko kwanan SEO ya ƙare, wato dabarar tsara shafi yadda injin bincike zai fito da shi a sahun gaba. Fargabar tana da tushe, domin wanda ya samu amsa a saman allo ba lallai ya leƙa shafin ɗan kasuwa ba.

Sai dai amsar ba daga sama take faɗowa ba. Na'urar tana tattaro ta ne daga shafukan da ta iya karantawa, don haka shafi mai gamsasshen bayani da saurin buɗewa a waya har gobe yana da daraja. Dabarar ta sha irin wannan girgiza. A 2011 sauyin tsarin binciken Google mai suna Panda ya durƙusar da shafuka masu holoƙon rubutu, a 2012 kuma wani sauyin mai suna Penguin ya bi ta kan masu sayen mahaɗai na bogi. Galibi masu wayon banza ne suka ji jiki. Wani zai ce ai matasa sun koma nema a TikTok da Instagram. Haka ne, amma can ma kalma ake rubutawa, kuma wani bidiyo ne ke rigan wani fitowa. A ganina, abin da kasuwarsa za ta faɗi shi ne rubutun gama-gari da na'ura ke iya taƙaitawa. Mai neman farashin taya ko adireshin shago kuwa, dole sai ya isa ga mai kayan.