Dalilin Kashe Kuɗin Waƙafi a Kan Horon Jiki da Aikin Hannu ga Yara Masu Naƙasa

A jadawalin kashe kuɗi na bana akwai wani sashe da wasu masu ba da gudummawa suka nemi ƙarin bayani a kansa, wato abin da muka ware domin koya wa yara masu naƙasa wasan judo, da zane, da ginin yumɓu. Tambayar tana bisa hanya, domin dukiyar amana ce.

Ba daga asusun zakka kuɗin ya fito ba. Allah Maɗaukaki Ya iyakance masu cin zakka gida takwas a aya ta 60 ta Suratut Tauba, kuma naƙasa ita kaɗai ba ta cikinsu. Yaro mai naƙasa yana shiga ne ta ƙofar talauci, a damƙa rabonsa hannun waliyyinsa. Ladan mai horarwa da kuɗin katifun faɗuwa kuwa daga amfanin wani waƙafi muka biya su, wanda mai shi ya sharɗanta a kula da lafiyar marasa galihu. Wannan ba sabon abu ba ne: asibitin da Sarki Ƙalawun ya gina a Alƙahira a shekarar 1284 da dukiyar waƙafi aka riƙe shi.

Abin da ya rage shi ne, shin wannan magani ne ko wasa? Yaron da shan-inna ya taɓa, ko wanda lalurar ƙwaƙwalwa ta taurara masa gaɓoɓi, yana buƙatar maimaita motsi iri ɗaya kullum, wata da watanni. Da wuya ƙaramin yaro ya jure wannan idan da sunan gashin ƙashi aka zo masa. Amma a sa masa rigar wasa, a haɗa shi da sa'o'insa, sai ka ga shi ke tuna wa mahaifiyarsa ranar horo. Darasin farko a judo ma shi ne yadda ake faɗuwa: a sunkuyar da haɓa zuwa ƙirji, a bugi katifa da hannu, kada ƙeya ta taɓa ƙasa. Ga yaron da faɗuwa ta zame masa abin yau da kullum, wannan kaɗai ya isa dalili. Makaho kuma ba a bar shi a baya ba, domin da riƙon rigar abokin karawa ake farawa, hannu ya tsaya a madadin ido. Tun gasar naƙasassu ta duniya da aka yi a Seoul a 1988 makafi ke fafatawa a wannan wasa.

Yumɓu da zane aikinsu ya fi tafiya a hankali. Murza yumɓu yana ƙarfafa yatsun da za su riƙe alƙalami ko su ɓalle maɓalli, kuma yaron da magana ke yi wa nauyi yakan sami hanyar nuna abin da ke damunsa. Mun taƙaita zanen ga zayyana, da tsirrai, da gine-gine, domin kauce wa saɓanin malamai kan surar mai rai.

Ba ma karɓar yaro sai da takardar likita, musamman mai farfaɗiya ko mai rauni a ƙashin wuya, kuma wannan horo ba ya maye gurbin asibiti. Ajin 'yan mata bai buɗe ba tukuna, domin ba mu sami mace mai horarwa ba. Mun sa ladanta a kasafin baɗi.