Mintunan Farko Bayan Allurar Gadon Baya: Abin Da Ke Kare Mai Haihuwa A Ɗakin Tiyata

A Nuwamba 2024, ministan lafiya Muhammad Ali Pate ya sanar da yin tiyatar haihuwa kyauta ga matan da ba su da hali. Mataki ne mai kyau, sai dai nasararsa ta rataya a kan ƙananan abubuwa da ba a cika ambata a jawabai ba. Ɗaya daga cikinsu shi ne maganin da ke hana ƙarfin jinin uwa faɗuwa.

Galibi ana wannan tiyata da allurar gadon baya, wadda ke kashe jiki daga ƙirji zuwa ƙafa, uwar tana farke. Allurar tana kuma sakin jijiyoyin jini, su buɗe, jini ya taru a ƙasan jiki. Ga nauyin ciki yana danne babbar jijiyar da ke mayar da jini zuciya. Cikin 'yan mintuna sai jiri da amai su taso, jinin da ke isa mabiyiya ya ragu, jaririn ma ya soma rasa iska.

Ƙarin ruwa kaɗai ba ya wadatarwa. Shi ya sa a 2018 wani rukunin ƙwararru na duniya ya ba da shawarar a fara ba da maganin matse jijiyoyi tun da aka yi allurar, ba sai jini ya faɗi ba, a kuma karkata uwar zuwa hagu. Manufar ita ce a riƙe awon jininta a kashi 90 cikin 100 na yadda yake tun farko, ko sama. Sun fifita fenilefirin, domin efedirin ya fi ratsa mabiyiya, yana ƙara tsamin jinin jariri. Fenilefirin kuwa yakan rage bugun zuciya, don haka sai da mai lura a tsaye yana auna jini akai-akai.

A nan gizo ke saƙa. Wani bincike da aka wallafa a 2019, wanda ya shafi ƙasashen Afirka 22, ya gano mace-macen uwaye bayan wannan tiyata ya ninka na ƙasashe masu arziki kusan sau 50, kuma matsalolin allurar kashe zafi na cikin dalilan. Duk mai bin diddigin kasafin lafiya na jiharsa, ya tambaya: asibitin ƙaramar hukumarsu yana da wannan magani, da na'urar awon jini mai aiki, da ma'aikacin da aka horar ya tsaya a kan uwar?