Dajin Da Ke Shayar Da Birnin Niyok

Da sunan Allah Mai rahama. Ga wani labari daga ƙasar Amurka wanda ya cancanci tunani.

Hukumar birnin Niyok tana shayar da mutum wajen miliyan 9. Kashi 9 cikin 10 na ruwan nan daga duwatsun Katskil da mafarin kogin Delawar yake gangarowa, kuma har yau ba a tace shi da inji. Ana dai kashe ƙwayoyin cutar da ke cikinsa. Daji shi ne matacinsa. Saiwa tana riƙe ƙasa, busasshen ganye yana tsare gudun ruwan sama, sai ya nutse sannu sannu, ya ɓullo garau.

Da gwamnatin ƙasar ta kafa dokar tace ruwa cikin 1989, aka buga lissafi, aka tarar ginin matata zai ci dala miliyan 6,000 ko fiye, ban da kuɗin riƙonta. Saboda haka cikin 1997 birnin ya ƙulla alkawari da garuruwan duwatsun: zai sayi fili ga wanda ya yarda kaɗai, ya riƙa biyan harajinsa, ya gyara musu magudanar ƙazanta, ya taimaki manoma su nisantar da shanu daga rafi.

Amma mallakar daji daban, kiwonsa daban. Cikin 2011 birnin ya rubuta tsarin kiwon dajinsa. Itatuwa da yawa sa'o'in juna ne, domin a kan tsofaffin gonaki suka tsiro, sai ana tsoron guguwa ɗaya ko ƙwaro ɗaya ya kwashe su tare. Don haka ana sare waɗansu bisa ƙa'ida, ƙanana su sami rana, iri ya yawaita. An kuma halatta farautar barewa, gama ita ke cinye tsiro.

Ga abin lura. Saboda ruwan yankin Kuroton, inda gidaje suka yawaita kusa da ruwa, tilas ta sa aka gina matata. An buɗe ta cikin 2015, ta ci dala fiye da miliyan 3,000, alhali kashi 1 cikin 10 kurum take bayarwa.

To, ɗan kasuwa ya auna cinikin nan biyu. Malami kuwa ya san ruwan jama'a amana ne, kuma tun daga mafarinsa tsaronsa yake farawa. Allah ya sa mu gane. Wassalam.