Injin Fotokwafi da Lafiyar Mai Aiki da Shi: Jan Hankali ga Mutanen Tudun Wada

Tudun Wadan Zariya unguwar takarda ce. A nan harabar Kongo ta Jami'ar Ahmadu Bello take, inda ake karatun shari'a da harkokin mulki. Ga tsohon asibitin koyarwa, ga Kwalejin Ilimi ta Tarayya da aka ɗaga darajarta zuwa jami'a, ga Kamfanin Gaskiya da aka kafa tun 1945 a gefe. Duk inda ɗalibai da ma'aikata suka taru haka, dole sana'ar fotokwafi ta bunƙasa. Ɗalibi na son kwafin darasi, mai neman aiki na son kwafin takardun shaida, lauya na son kwafin takardun ƙara. Ɗaruruwan matasa, maza da mata, da wannan injin suke ci suke sha. Sai dai da wuya ka ji wanda ya zaunar da su ya faɗa musu abin da suke shaƙa daga safe zuwa dare.

Tun farko a fahimci wani abu: wanda ya shiga shago ya yi kwafin shafi goma ya fita ba shi da abin tsoro. Maganar ta shafi yaron shago da ke tsaye kan injin awa goma, da sakatariyar da aka ajiye mata shi dab da teburinta, da mai gyaran da ke zuba hoda da hannunsa. Kuma mafi yawan illar daga yadda muke ajiye injin da yadda muke sarrafa shi take fitowa, abin da ke nufin gyaranta na hannunmu.

Yadda injin ke aiki

Wani Ba'amurke mai suna Chester Carlson ne ya ƙirƙiro wannan fasaha a 1938, kamfanin Xerox kuma ya fito da injin da ya karɓu a ofisoshi a 1959. Har yau tsarin bai sauya sosai ba. A cikin injin akwai duram da ake ɗora wa cajin lantarki. Haske ya haska takardarka, ya zana siffar rubutun a jikin duram ɗin, baƙar hoda, wato tona, ta manne a inda rubutun yake, sannan ta koma kan farar takarda. Daga nan takardar ta bi ta tsakanin rola biyu, ɗaya mai zafin da kan kusanci digiri 200, hodar ta narke ta kama. Shi ya sa takarda ke fitowa da ɗumi. Daga waɗannan matakai uku, caji da hoda da zafi, matsalolin lafiya ke tasowa.

Warin da ake ji

Duk wanda ya daɗe a shagon da ake ta aiki ya san wani wari mai kaifi da ke tsaya wa mutum a maƙogwaro. Wani ɓangarensa iskar ozon ce, wadda wayar caji ke haifarwa, musamman a tsofaffin injuna. Ozon na sa ido yaji, ya busar da maƙogwaro, ya kawo tari da ciwon kai, yana kuma tayar wa mai asma da ciwonsa. Sababbin injuna da yawa na amfani da rolar caji wadda ba ta fitar da shi sosai, masu wayar kuma ana sa musu matata da ke riƙe shi. To amma akasarin injunan da ke shagunanmu na hannu ne, sun gama aiki a Turai ko wani wuri kafin su iso, kuma ba kowane mai shago ya ma san akwai matatar da ake canzawa ba.

Zafin rola kuma yana fitar da tururin sinadarai da ƙwayoyin ƙura da ido ba ya gani. A 2007, Farfesa Lidia Morawska da abokan aikinta a wata jami'a da ke Brisbane ta ƙasar Ostireliya sun auna firintoci 62, masu aiki da hoda da zafi irin na fotokwafi, suka tarar 17 daga ciki na fitar da irin wannan ƙura da yawa. Saboda ƙanƙantarta, tana wuce hanci ta shiga can cikin huhu. A ofis mai faɗi da tagogi, iska na kwashe ta. A shago mai ƙofa ɗaya da injuna uku, a ƙirjin ma'aikaci take ƙarewa.

Hodar da ake zubawa da hannu

Nan ne babbar matsalarmu take. Tona garin roba ne mai laushi ƙwarai, gauraye da baƙin kabon, wani kuma da sinadarin ƙarfe. Kamfanonin da suka ƙera injunan sun tsara ta zo a rufe cikin kwandonta, a cire tsoho a sa sabo. Mu kuwa, saboda tsada, a leda ko a gora ake sayo ta, a buɗe a zuba da mazurari. Kafin a gama, hannu ya yi baƙi, riga ta yi baƙi, in aka fyace majina ma baƙa ce. Hukumar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa baƙin kabon a rukunin abubuwan da mai yiwuwa su jawo cutar daji idan an daɗe ana shaƙarsu. Wannan ba ya nufin duk mai fotokwafi zai kamu, domin a cikin tona kabon ɗin a lulluɓe yake da roba. Amma ya isa hujjar a daina wasa da ita. Abin da aka tabbatar shi ne tana sa atishawa, da ƙaiƙayin ido da fata, da tari.

Akwai al'adar da ta yaɗu tsakanin masu aikin ƙura cewa a sha madarar gwangwani bayan aiki, wai tana wanke ƙirji. Madara ciki take tafiya, ƙura kuwa huhu ta shiga, hanyarsu ba ɗaya ba ce. Kuɗin madarar da takunkumi aka saya da sun fi amfani. Haka nan masu ƙosai da awara da tsire da ke karɓar takardun da suka lalace a shaguna don naɗe abinci, ya kamata su bari. Mai mai zafi da hodar roba ba abin haɗawa a kai baki ba ne.

Janareta ya fi injin haɗari

In ana maganar abin da ke kisa nan take, janareta ne. Da an ɗauke wuta sai a tayar da shi a bakin ƙofa, wani ma a lungun shago saboda tsoron ɓarayi ko ruwan sama. Hayaƙinsa na ɗauke da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ba ta da launi, tana kuma hana jini ɗaukar iskar da jiki ke buƙata. Alamunta ciwon kai ne da jiri da tashin zuciya da kasala, abin da mutum zai ɗauka zazzaɓin cizon sauro ne ko gajiya. Iyalai da dama a Najeriya sun kwanta ba su tashi ba saboda ita.

Sai gobara. Babban injin fotokwafi kan ja wutar da ta haura wat 1,000 lokacin da yake ɗaukar zafi. A jona shi a soket ɗaya da kwamfuta da firinta da injin lamineshan, waya ta yi zafi, ga tulin takardu, ga galan ɗin fetur a ƙarƙashin tebur. A lokacin hunturu, da komai ya bushe, tartsatsi ɗaya ya isa ya cinye layin shaguna.

Abin da ya kamata a yi

Na farko iska. A ajiye injin kusa da taga ko ƙofa, a juya mafitar iskarsa ta kalli waje, kada ta kalli fuskar ma'aikaci. Shagon da ba shi da taga a fasa masa, ko a sa fankar da ke zuƙe iska zuwa waje. A ofis, a ba injin ɗakinsa ko kusurwarsa nesa da teburin mutane. Janareta ya zauna a fili, nesa da ƙofa da taga, kuma a kashe shi ya huce kafin a ƙara masa mai.

Mai zuba hoda ya sa takunkumi mai kyau irin N95 da safar hannu, ya kashe fanka, ya yi aikin a inda babu jama'a. In ta zube, a goge da jiƙaƙƙen tsumma, kada a share da tsintsiya ko a hure da baki. A wanke hannu da tufa da sabulu da ruwan sanyi, domin ruwan zafi narkar da ita yake yi ta manne. In ta shiga ido, a yi ta zuba ruwa mai tsabta, in yajin bai daina ba a tafi asibiti. Kada a ci abinci kusa da injin, kada a ƙona tsofaffin kwandunan tona a bola.

A riƙa rufe murfin gilashi yayin kwafi, saboda hasken na gajiyar da ido. In takarda ta maƙale, a kashe injin a jira ya huce kafin a sa hannu. A kira mai gyara ya share shi ya canza matata a kan kari, ba sai ya tsaya ba. A ba shi soket nasa, a kuma tanadi abin kashe gobara irin na wutar lantarki.

Ga masu shaguna da shugabannin ofisoshi: yaran nan amana ne a hannunku. Ku ba su hutu su fita su sha iska, kada a bar mai asma ko mai juna biyu kan aikin zuba hoda. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta amince cewa cutar da aiki ya jawo abar biyan diyya ce, kafin doka kuma akwai hakkin da Allah zai tambaya. Kai kuma ma'aikaci, idan tari ya wuce mako biyu, ko numfashinka na sauƙi ranar hutu ya dawo da nauyi ranar aiki, je ka ga likita, ka gaya masa sana'arka. Taga da takunkumi da safar hannu duk kuɗinsu bai kai na jinyar huhu ba, don haka a fara gyara daga yau.